Wata 23 Tsakanin Littafin Bashi da Kuɗin Cefane

A daren Lahadin farko bayan Babbar Sallar 2023 na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, na ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na shiga rubuta duk wanda yake bina bashi da adadin abin da yake bina. Layi 9 suka fito. Da na haɗa jimilla sai na ga Naira 757,500, alhali albashina a lokacin, a matsayina na malamin sakandaren gwamnati a Kano, Naira 92,000 ne. Wato ko da ni da iyalina za mu daina ci da sha gaba ɗaya, albashin wata 8 ba zai rufe abin da ke kaina ba. Na maimaita lissafin har sau uku, domin kafin wannan dare, da wani zai tsare ni ya tambaye ni, da na ce masa bashin bai wuce Naira 400,000 ba, kuma da zuciya ɗaya zan faɗa.

Asalin bashin jinyar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a ƙarshen 2022, aka ɗora shi a kan wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma ni ne babban ɗansa namiji. Na karɓi rancen Naira 240,000 daga ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatan makarantarmu, wanda ake cirewa Naira 20,000 daga albashi duk wata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yake sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, ya ba ni Naira 200,000 ba tare da ya tambaye ni ranar biya ba. Na roƙi uwar adashinmu ta matso da kwasata gaba, ta matso. Ƙanwata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, ta sayar da tumakinta biyu da ɗan kunnenta na zinariya, ta kawo mini Naira 85,000 a ƙulle a gefen mayafi. Mahaifin namu ya rasu a watan Fabrairun 2023, daidai lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000, har mutum yana biyan kuɗi kafin mai POS ya ba shi kuɗinsa. Ban taɓa nadamar ko kwabo ɗaya da aka kashe a wannan jinya ba, kuma da za a maimaita, haka zan sake yi.

Abin da nake nadama shi ne abin da ya biyo bayan rasuwar. Kuɗin da suke shigowa hannuna sun ragu da Naira 30,000 a wata saboda cirar ƙungiya da zubin adashi, amma ban rage komai a zaman gidana ba, kuma ban faɗa wa kowa ba. Idan albashi ya ƙare a tsakiyar wata sai in aiki yaro wurin mai shagon unguwa ya karɓo shinkafa da mai a rubuta, idan wani ya kwanta sai in karɓi magani a kemis a rubuta, kuɗin makarantar yara biyu kuma na bar shi ya taru har zango biyu. Daga nan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai Naira 200 a farashin hukuma ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, duk wani abin masarufi kuma ya bi ta. A wannan tsakani ne na sauke manhajojin rance guda biyu a wayata. Cikin minti kaɗan kuɗi suka shigo, babu shaida, babu kallon idon kowa, kuma wannan rashin kallon idon shi ne ya ja ni. Na san kuɗin ruwa haramun ne, na kawar da kai. Kafin na farga, abin da manhajojin biyu suke nema a hannuna ya kai Naira 98,000, ɗaya 58,000, ɗaya 40,000, kuma kullum sai tarar jinkiri ta ƙaru.

Abu biyu ne suka zaunar da ni a kan tabarmar nan. Na farko tsoho ne: ranar jana'izar mahaifina, bayan an idar da salla, ɗan'uwansa ya miƙe kamar yadda aka saba ya ce duk wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya same mu. Mutum ɗaya ne kawai ya zo, mai sayar da taki, da ragowar Naira 3,000, kuma mahaifiyata ta riga ta san da shi, domin tsohon ya faɗa mata tun yana asibiti. Wannan abu bai bar raina ba. Na yi ta tunanin cewa da ni aka ɗauka a makara, wurare 9 za a zo daga gare su, kuma guda uku kawai uwar 'ya'yana ta sani a ciki. Na biyu kuwa ya faru ne washegarin Sallah, lokacin da yayan matata ya kira ni ya karanta mini saƙon da ɗaya daga cikin kamfanonin rancen nan ya tura masa, ana kirana maci amana, ana cewa ya ja mini kunne. Ashe lokacin da na sauke manhajar na ba ta izinin shiga lambobin da ke wayata. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara farautar masu irin wannan aiki tun 2022, amma wannan bai hana saƙon isa hannun surukina ba. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ƙanwata ta san da wannan?"

Da na gama lissafin na kira ta na miƙa mata littafin. Ta karanta da fitilar waya, layi bayan layi, ta daɗe a kan layin ƙanwata. Na yi tsammanin kuka ko faɗa, sai ta ce, "Malam, naman da kake kawowa ranar Juma'a, da wannan kuɗin ake sayo shi?" Na ce eh. Ta ce, "To da ka faɗa mini, da tun watan azumi na daina sa shi a lissafi." Na daɗe ina ɗauka cewa ɓoye mata da nake yi rufin asiri ne da kare mutuncin maigida. A wannan dare na gane cewa ita ce take auna hatsi, ita ce take zuba mai a tukunya, ita ce ta san abin da za a iya ragewa ba tare da yaro ya kwana da yunwa ba, kuma na hana ta bayanin da take buƙata ta yi wannan aiki. Duk wani tsari da muka yi bayan haka, a kan saninta aka gina shi, kuma ban ga yadda zai yiwu ba da na ci gaba da riƙe adadin ni kaɗai.

Tambayar farko da muka fuskanta ita ce wa za a fara biya. Na ji masu ba da shawara suna cewa a fara da mai kuɗin ruwa mafi yawa, wasu kuma suna cewa a fara da mafi ƙanƙanta domin mutum ya samu ƙwarin gwiwa. Duka biyun suna da hujja, amma a wurinmu akwai wata tambaya da ta riga su, wato wa jinkirina yake cutarwa. Kawu yana da rumbu da jari, Naira 200,000 ba za ta hana shi barci ba. Ƙanwata kuwa tumakin nan su ne ajiyarta, su ne abin da za ta juya idan ɗanta ya kwanta, kuma kunyar yaya ba za ta taɓa barinta ta tambaye ni ba. A lissafina na baya na ajiye ta a ƙarshe, daidai saboda na san ba za ta yi magana ba, kuma wannan zalunci ne ko da ban yi niyyarsa ba. Saboda haka muka sa manhajoji a farko, domin su ne suke ƙaruwa kullum kuma su ne haramun ɗin da nake so in fita daga cikinsa, muka sa ƙanwata a layi na biyu.

Babu yadda za a yi albashi ya biya waɗannan biyun da sauri, don haka na sayar da babur ɗina a kan Naira 225,000. Na biya manhajojin 98,000 a rana ɗaya, na ɗauki hoton shaidar biya, na goge su daga wayar, na yi istigfari. Na kai wa ƙanwata 85,000 har ɗakinta. Ta ce, "Yaya, ai Baba namu ne duka, ban ba ka don ka mayar ba." Na ce mata na sani, amma ranar da ta kawo kuɗin ni ne na ce rance ne, kuma ba zan janye maganata don ta yi mini kara ba. Na sayi tsohon keke a kan 35,000, ragowar 7,000 na kai kemis. Daga gidana zuwa makaranta tafiyar kusan minti 40 ce a keke, kuma a zafin bazarar Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya haura shekara 40. Amma kuɗin man da na daina kashewa ya zama wani albashi na daban, musamman da litar ta ci gaba da hawa har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Cikin mako ɗaya bashin ya sauko zuwa 567,500.

Abin da ya fi sayar da babur wuya shi ne zagayen da na yi a makon da ya biyo baya. Na je wurin kowane mai bina bashi da ƙafata, na faɗa masa halin da nake ciki da abin da zan iya bayarwa duk wata. Wata uku kenan ina sauya hanya don kada in wuce ta gaban shagon unguwa, har sallar magariba na koma yi a wani masallaci. Da na tsaya a gabansa na ce zan riƙa kawo Naira 5,000 duk ƙarshen wata a kan 47,500 ɗin da yake bina, kuma daga yau duk abin da zan saya da kuɗi a hannu zan saya, sai ya buɗe littafinsa ya nuna mini shafuka na mutanen da suka daina gaishe shi. Ya ce, "Malam, ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba, gudun da ake yi mini ne. Ni ma a kasuwar Singa bashi nake ɗauko kayan nan." Mai kemis ya amince da 3,000 a wata. Shugabar makarantar yara ta amince da 6,000 a kan tsohon bashin 36,000, da sharaɗin kada na sabon zango ya taru. Kowannensu na rubuta yarjejeniyar a littafina na karanta masa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa, kuma na sha karanta ta, amma sai a wannan mako na ga amfaninta da idona: da zarar an ambaci adadi da rana, fuskar mai bin bashi takan saki, wanda ake bi kuma ya iya ɗaga kai ya yi sallama.

Kuɗin waɗannan ƙananan basussuka, Naira 14,000 a wata, ba daga albashi suka fito ba. Na samu gidaje uku da nake koyar da yaransu lissafi bayan la'asar, suna ba ni 18,000 a haɗe, kuma muka yanke cewa wannan kuɗi ba zai shiga tukunya ba. Albashin kuma, bayan cirar ƙungiya da zubin adashi, 62,000 ne yake saura, mu kuma mu shida ne a gidan. Dole in ambaci wata rahama da na samu wadda da yawa ba su da ita: a sashenmu na gidan gado nake zaune, ba na biyan haya. Da akwai haya a kaina, da wannan lissafi bai tsaya ba.

Ranar da albashi ya shigo nakan cire shi gaba ɗaya a wurin mai POS sau ɗaya, domin cirar kaɗan-kaɗan tana cin caji, kuma kuɗin da ke cikin waya yana da saurin zamewa, kati a nan, data a can. Maiɗakina ta wanke gwangwanayen madara ta jera a cikin akwatinta. Hatsi, wato masara da gero da wake da 'yar shinkafa, 28,000. Cefane 15,000, wato Naira 500 a rana, kuma ranar Juma'a ake fitar da na mako guda. Gawayi 5,000, domin mun ajiye tukunyar gas. Makarantar boko da ta Islamiyya 6,000. Wuta da 'yan garuwa 4,000. Mahaifiyata 2,000, wanda na ji nauyin ƙanƙantarsa, amma na ƙi yarda ya zama babu. Gwangwanin ƙarshe na larura ne, shi ma 2,000. Sabulu da omo da 'yan buƙatun yara ita ta ɗauke su daga ɗinkin da take yi da kekenta na ƙafa.

A kan wannan gwangwani na larura muka yi saɓani. Ni ina ganin mutumin da ake bi bashi ba shi da hurumin yin ajiya, gara a haɗa a biya. Ita kuma ta ce duk bashin da na ci bayan rasuwar Baba, rashin irin wannan 'yar ajiya ce ta jawo shi, domin zazzaɓi ba ya jiran ƙarshen wata. Ita ce da gaskiya. A watan Satumba, lokacin da sauro ya yi yawa, autarmu ta kamu da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har aka yi mata ƙarin ruwa. Abin da ke gwangwanin bai isa ba, sai da aka ƙara rubuta mini 9,000 a kemis, amma bai kai ni ga komawa manhaja ba.

Abincin gidan ya sauya. Shinkafa ta koma ta Juma'a kaɗai, tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa suka riƙe dare, safe kuma koko da ɗumame maimakon shayi da burodi. Wake da awara suka tsaya a madadin nama. Yaran sun yi ƙorafi a makonnin farko, sai na tara manyan biyu na faɗa musu cewa mun ci bashi don jinyar kakansu, kuma za mu biya. Ban faɗa musu adadi ba. Babbar 'yata, wadda take da shekara 13 a lokacin, ita ce daga baya take tuna wa ƙannenta a kashe fitila a rufe robar mai.

Inda tsarin ya fi shan wuya shi ne sha'anin jama'a. A takarda babu layin biki, babu na suna, babu na gudummawa, amma a zaman Hausawa waɗannan ba ƙari ba ne, wani nau'in bashi ne da ba a rubuta shi a littafina ba. Matar da ta kawo wa maiɗakina atamfa da kuɗi ranar sunan ɗanta tana jiran a mayar mata ranar nata, kuma mata suna riƙe wannan lissafi daidai. Ni namiji ne, ɗaurin aure nakan je a keke in yi addu'a in dawo, babu wanda zai tuhume ni. Ita ce ta sha kallo. Ta daina yin anko gaba ɗaya, kuma inda ake binta biki takan ɗinka wa jariri kaya da hannunta, ko ta je tun asuba ta kama aikin girki. Wasu sun fahimta, wasu sun yi magana, har wata 'yar'uwarta ta daina zuwa gidanmu na wani lokaci. Wannan tsada ce da ita ta biya a kan bashin da ba da saninta aka ci ba, kuma ban manta ba.

Farkon 2024 ya zo da tsanani. Dala ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu, farashin kwanon masara da na shinkafa kuma ya riƙa sauyawa tsakanin safe da yamma, har hauhawar farashin abinci a ƙididdigar hukuma ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. Naira 28,000 ɗin hatsi ta daina kai mu ƙarshen wata. A watan azumi, wanda ya kama a Maris, na kasa kai wa mai shago nasa, amma na je tun kafin ranar na faɗa masa, ya ce in bari sai bayan Sallah. Adashi ya ƙare a Fabrairu, cirar ƙungiya ta ƙare a Maris, Naira 30,000 ta dawo hannuna. Na daɗe ina jiran wannan rana da niyyar in juya kuɗin gaba ɗaya zuwa ga Kawu, amma kasuwa ta riga ta cinye kashi ɗaya cikin uku. Muka ƙara 10,000 a gwangwanin hatsi, muka ware 20,000. Zuwa ƙarshen Afrilu an soke layin makaranta da na kemis da na shago, saura Kawu kaɗai.

Da Babbar Sallar 2024 ta matso na tambayi limamin masallacinmu game da layya, domin ban taɓa shekara ban yanka ba tun da na yi aure. Ya ce layya sunna ce a kan mai hali, biyan bashi kuwa wajibi ne, kuma ya tuna mini hadisin da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ban yi layya ba. Maƙwabta suka aiko da nama har ya ishe mu suya, amma na ga yadda ƙaramin ɗana ya tsaya a ƙofar gida yana kallon ragunan mutane, kuma wannan ranar ta fi mini ranar sayar da babur nauyi.

Kawu na fara biyansa a watan Mayu, 20,000 duk wata har Yuli. A Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kano, darussan yamma suka tsaya, sai 10,000 na iya kaiwa. Satumba ban kai komai ba saboda sabuwar shekarar karatu da littattafai. Oktoba na kai 20,000, jimilla ta zama 90,000. Da na je da na Nuwamba, na same shi a rumfarsa ana sauke sabon hatsi daga motoci, sai ya ƙi karɓa. Ya tambaye ni nawa nake kashewa a kan hatsi, kuma a ina nake saye. Na ce kwano-kwano nake auna a unguwa. Ya girgiza kai ya ce, "Kai ɗan nan, kana ɗan 'yar'uwata kana sayen masara a kwano da kaka? Riƙe kuɗinka na wata biyu ka sayi buhu yanzu da sabo ya shigo, in damina ta faɗi ka gode mini. Nawa ba zai gudu ba." Abin da kowane ɗan kasuwar hatsi ya sani ke nan: da kaka manoma suna fito da amfani don biyan nasu buƙatun, farashi ya sauka, mai ƙaramin albashi kuma, da yake ba ya iya tara kuɗin buhu, yakan sayi abinci a mafi tsadar lokaci da mafi tsadar ma'auni. Na haɗa kuɗin wata biyun da abin da muka samu daga rabonmu na gonar gado, na sayi masara da gero, muka zuba a jarkoki muka toshe bakinsu saboda ƙwari. A wannan lokaci ne kuma ƙarin albashi ya iso gare mu, bayan dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ƙarin bai kamo farashin kasuwa ba, amma da yake hatsi yana ɗaki, ya ba ni damar ɗaga biyan Kawu zuwa 25,000 daga Janairun 2025. A watan azumi na kai 10,000, sauran watannin na cika.

Akwai abin da ya dame ni tun kafin in kai ƙarshe. Naira 200,000 da Kawu ya ba ni a Disambar 2022 ba ita ce 200,000 ta 2025 ba. Shi da yake sayar da hatsi ya fi kowa sanin buhu nawa za ta saya a da, nawa za ta saya yanzu. A shari'a abin da aka ranta shi ake mayarwa, kuma da ya sharɗanta ƙari da ya zama riba haramtacciya. Amma hasarar da ya yi ta gaske ce, kuma saboda ni ya yi ta. Liman ya ce mini idan wanda ake bi ya ƙara wani abu don kansa a lokacin biya, ba tare da sharaɗi ko alkawari tun farko ba, wannan abin yabo ne, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Ba ni da abin da zai cike giɓin, amma wata huɗu maiɗakina tana ware wani abu daga kuɗin ɗinki, ni ma daga na darasi, har muka sayi shadda yadi 10.

A Asabar ɗin ƙarshe ta watan Mayun 2025, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, na je gidansa da safe maimakon kasuwa, da Naira 25,000 da shaddar a leda da littafin a aljihu. Ya ƙirga kuɗin, na nuna masa shafinsa da ranakun biya tun daga farko, na roƙe shi ya yafe mini jinkirin shekara biyu da rabi. Ya ce babu abin yafewa. Shaddar ce ya so ya mayar, na ce masa ba ta cikin bashin, kyautar Sallah ce daga ɗa zuwa ga kawunsa, sai ya karɓa ya sa albarka, ya kira iyalinsa su gani. Ya tambaye ni ko zan sayi wani babur, ya ce idan ina so zai ranta mini. Na yi godiya na ce keken yana nan lafiya, zan tara tukuna.

Da na dawo gida na miƙa wa maiɗakina littafin da biro, ita ta ja layi a kan suna na tara. Sannan ta buɗe sabon shafi ta rubuta kwanan wata, ta ɗauko gwangwanin da muke zuba kuɗin Kawu, ta tambaye ni abin da za a riƙa sawa a ciki. Muka tsayar da cewa 15,000 za ta tafi ajiyar hatsin kaka mai zuwa, 5,000 a ƙara wa gwangwanin larura, 5,000 kuma a ƙara a kan na mahaifiyata. Layyar wannan shekara mu bakwai muka haɗa kuɗi da abokan aiki muka sayi sa, kuma na ɗauki ƙaramin ɗana a bayan keke muka je wurin yankan tare.